Jane Fonda: jaruma ce ko maciya amana?

Ɗanjuma: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya aka turo mini wani tsohon bidiyo: wata dattijuwar Baturiya sanye da jar kwat, 'yan sanda sun ɗaure mata hannu da igiyar roba a gaban majalisar dokokin Amurka, ita kuwa ko a jikinta. Da na ƙura ido sai na ga ashe Jane Fonda ce, wadda nake kallo a Grace and Frankie a Netflix. A Disamban 1937 aka haife ta, kamun kuma a 2019 aka yi, ku yi lissafi da kanku. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Amurkawan da ke magana a kai. Rabi na sa mata albarka, rabi na tsine mata suna kiranta "Hanoi Jane". Me wannan baiwar Allah ta yi musu ne da har yau ba su huce ba?

Ummi: Wa alaikumus salam. Ni kwat ɗin nan na sani. Ta ce daga ita ba ta ƙara sayen sutura, wai yawan saye-saye na cikin abin da ke dagula yanayi. Sau biyar aka kama ta a wannan zanga-zangar sauyin yanayi ta ranakun Juma'a, har ta kwana ɗaya a kulle. Sauran labarin sai Malam Habu.

Malam Habu: Ummi kin tono ni. To bari in ɗauko daga tushe, amma ku yi haƙuri, ka san malamin tarihi da dogon zance.

'Yar gidan fim ce gaba da baya. Ubanta Henry Fonda, ƙanenta Peter, duk sana'ar ke nan. Uwarta ta kashe kanta a 1950, tana da shekara 12, kuma ɓoye mata aka yi, a mujalla ta tsinci gaskiyar daga baya. Ta fara fim a 1960, ta koma Faransa, ta auri darakta Roger Vadim. Can a Faransa idonta ya buɗe kan yaƙin Biyetnam, domin talabijin ɗinsu na nuna ɓarnar bama-bamai, ga kuma sojojin Amurka da suka tsere daga yaƙin suna ba da labari.

Tana dawowa gida sai ta faɗa ciki tsundum. Ta goyi bayan 'yan asalin Amurka da suka mamaye tsibirin Alcatraz, ta tara wa 'yan Black Panther, ƙungiyar baƙaƙen fata masu fafutuka, kuɗi, ita da ɗan fim Donald Sutherland suka riƙa zagaya garuruwan da ke da barikoki suna yi wa sojoji wasan adawa da yaƙi. A Nuwamban 1970 aka tare ta a filin jirgin Cleveland tana dawowa daga Kanada, aka ce ta shigo da ƙwaya. Aka kai ɗakin gwaji, ashe bitamin ne, aka janye ƙara. Hoton da 'yan sanda suka ɗauke ta ranar, ta dunƙule hannu sama, har yau ana buga shi a riguna.

Duk wannan da an manta. Abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne Yulin 1972. Ta tafi Hanoi, babban birnin Biyetnam ta Arewa, wato ƙasar da Amurka ke yaƙa a lokacin. Ta ce ta je ne ta gani da idonta ko gaskiya ne ana jefa bam kan jingar koguna, wadda in ta fashe ruwa zai cinye ƙauyuka da gonakin shinkafa. Gwamnatin Nixon ta musanta cewa da gangan ake kai wa jingar hari. Ta yi jawabai a gidan rediyon Hanoi tana kiran matuƙan jiragen Amurka su dubi abin da suke aikatawa. Sai kuma aka kai ta wani sansani, aka rera mata waƙa, ta zauna kan kujerar bindigar kakkaɓo jiragen sama, da hular kwano a kai, tana dariya. Kamara ta ɗauka. Shi ke nan, sunan ya manne.

Baba Saje: Malam Habu, dakata nan. Bindigar da ake harbo 'yan ƙasarta da ita?

Malam Habu: Ita fa, Baba.

Baba Saje: To ai magana ta ƙare. Me kuma ake muhawara a kai?

Ummi: Haba Baba, hoto ɗaya? Ta nemi gafara fa, ba sau ɗaya ba. Tun 1988 ta fito talabijin gaban 'yar jarida Barbara Walters ta ba tsofaffin sojoji haƙuri, kuma ta sha faɗin cewa da nadamar hoton nan za ta shiga kabari.

Baba Saje: 'Yata, ba hoton ne ya fi ci mini rai ba, rediyon ne. Bari in gaya miki abin da ba a karantawa a littafi. Ina Manrobiya, babban birnin Laberiya, a 1992 cikin rundunar ECOMOG ta ƙasashen Afirka ta Yamma, lokacin da mutanen madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka yi wa garin ƙawanya. Muna da wata 'yar rediyo ɗaya tal a ramin da muke, an ɗaure murfin batirinta da roba. Da yamma sai mu kewaye ta kamar masu jin ɗumi. Taylor yakan bugo wa BBC waya ya yi ta cika baki, ya zage mu tas, mu kuwa dariya muke, abokin gaba ne, me kake so ya ce? Amma a ce cikin rediyon nan mun ji muryar wata 'yar gida, da Hausarta, daga sansanin Taylor, tana ce mana mu duba abin da muke yi, wallahi da wasu cikinmu ba su ƙara ɗaga bindiga da ƙarfi ba. Wanda hannunsa ya yi sanyi a fagen daga kuwa, gawarsa ake dawowa da ita. Soja ba shi ya zaɓi yaƙin ba. Tura shi aka yi. In kina da magana, ga fadar shugaban ƙasa can, je ki yi.

Malam Habu: Baba Saje, Allah ya ja kwana. Ba ni da bakin musa abin da ka gani da idonka. Har ma in ƙara maka makami: da fursunonin yaƙi suka dawo a 1973 suna cewa an azabtar da su, ta kira masu faɗin haka munafukai maƙaryata. Alhali an azabtar da su ɗin, John McCain, wanda ya zama sanata daga baya, na ciki, har ya mutu bai iya ɗaga hannuwansa sama da kafaɗa ba. Nan ta yi ɓaram-ɓarama, babu wanka.

Sai dai a auna ɗaya gefen ma. Lokacin da ta tafi, duniya ta riga ta ji labarin ƙauyen My Lai, inda sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwan fararen hula a 1968, mata da yara. Takardun sirri na Pentagon, ma'aikatar tsaron Amurka, da suka fito a 1971 sun nuna gwamnatoci huɗu a jere ba su gaya wa jama'a gaskiyar yaƙin ba. A 1970 dakarun tsaro sun harbe ɗalibai huɗu lokacin zanga-zangar adawa da yaƙin a jami'ar Kent State ta Amurka. Amurka ta rasa sojoji sama da 58,000, na Biyetnam kuwa miliyoyi ake magana. Ita a ganinta mai son soja shi ne mai son a dawo da shi gida da ransa.

Ustaz Nura: Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka ɓata dare kan matar da ta yi suna da fim ɗin tsiraici. Ku nemi labarin Barbarella na 1968 ku ji. Aure uku, saki uku. Wannan ce abar koyi?

Ummi: Ustaz, ba wanda ya ce a ba ta limanci.

Admin: A yi a hankali don Allah. A tsaya kan magana, ban da gugar zana.

Ɗanjuma: Ustaz ai ni tambaya na yi, ba kamfe nake mata ba. Amma Baba, ga wata. Duk zauren nan ba wanda ba ya ƙaunar Muhammad Ali. A 1967 ya ƙi shiga soja kan wannan yaƙin, aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe sama da shekara uku, sai a 1971 kotun ƙoli ta wanke shi. Shi muna kiransa gwarzo. Ita me ya sa za ta zama maciya amana?

Baba Saje: Ɗana, Ali ya tsaya a gida ya ce ba zan je ba, ku ɗaure ni. Ya ɗauki hukuncin a wuyansa. Bai hau jirgi ya je ya zauna kan bindigar abokan gaba ba. Kura da ɗan akuya duk ƙafa huɗu gare su, amma ba a haɗa su turke ɗaya.

Sadiq Kaduna: Ni na karanta cewa fursunonin sun damƙa mata 'yan takardu a ɓoye ɗauke da lambobinsu don iyalansu su san suna raye, ita kuma ta juya ta miƙa wa masu gadi, aka yi ta dukansu har wasu suka mutu. In haka ne ai ta wuce maciya amana.

Malam Habu: Sadiq, wannan ƙarya ce tsagwaronta, goge ta daga wayarka. Tun ƙarshen shekarun 1990 take yawo a imel. Sojojin da aka ambaci sunayensu a ciki sun fito da bakinsu sun ƙaryata, kuma ba don suna ƙaunarta ba. Ta gana da fursunoni bakwai, ta dawo da wasiƙun fursunoni ga iyalansu. Laifinta na gaskiya ya ishe ta kaya, ba sai an ɗora mata na ƙage ba. Kuma a sani, gwamnatin Amurka ba ta taɓa gurfanar da ita kan cin amanar ƙasa ba, duk da 'yan majalisa sun yi ta kumfar baki.

Sadiq Kaduna: To na gode Malam. Dama a WhatsApp na gani.

Anti Ladi: Ku maza kun tafi yaƙi kun bar mu a ofis. Bari in shigo da nawa.

Shekara ashirin da biyu na yi ina sakatariya. Tafireta, takardar kabon, yatsu duk shuɗi. Aikina a takarda buga wasiƙu ne da ajiye fayil. Aikina a zahiri kuwa: dafa wa oga shayi, sayo masa goro, buga katin bikin 'yar ƙanwar matarsa, in baƙo ya zo kuma in ce oga yana mitin alhali yana ciki yana sharar barci. Akwai yaron da aka kawo, ko ninke wasiƙa bai iya ba, ni na koya masa komai. Shekara huɗu sai ga shi shi ke sa mini hannu a takardar hutu, yana ce mini "Ladi" gatsal.

Wata rana a gidan maƙwabciyata aka sa kaset ɗin bidiyo, 9 to 5, na 1980. Mata uku a ofis da wani azzalumin oga. Kowa na dariya, ni kuwa na yi tsit, don ji na yi kamar wani ya leƙa ofishinmu ya rubuta. Sai daga baya na gane ba haka kawai ya faɗo ba. Akwai ƙungiyar mata ma'aikatan ofis da aka kafa a Boston a 1973 da wannan sunan, shugabarta Karen Nussbaum ƙawar Fonda ce tun zamanin adawa da yaƙi. Ta zauna da matan nan ta saurari abin da ake yi musu, sannan kamfaninta ya shirya fim ɗin, aka kawo Lily Tomlin da Dolly Parton. Kuma ta zaɓi a yi shi na barkwanci, don ta san in ta fito da wa'azi ba mai sayen tikiti.

Ni wannan Jane Fonda na sani. Ta Hanoi ban san ta ba sai yau.

Ummi: Anti, Allah ya saka miki. "Ladi gatsal" ɗin nan ya taɓa ni 😭

Malam Habu: Hajiya Ladi ta taɓo inda nake son zuwa. Abin da ya bambanta ta da sauran taurari masu hawa mumbari shi ne ta mai da sana'ar kanta makami, kuma sana'ar ta iya ta. Oscar biyu gare ta: na Klute na 1971, da na Coming Home na 1978. Na biyun nan, Baba, labarin sojan da ya dawo daga Biyetnam ne a keken guragu, kuma haɗuwarta da wani tsohon soja shanyayye, Ron Kovic, na cikin abin da ya haifar da shi. Jon Voight da ya fito a sojan shi ma ya ci Oscar.

Sai The China Syndrome, kan yadda kamfani ke rufa-rufar matsala a tashar nukiliya. Ya fito ranar 16 ga Maris 1979, masu harkar nukiliya suka ce tatsuniya ce. Ranar 28 ga watan, kwana goma sha biyu ke nan, tashar nukiliya ta Three Mile Island ta yi hatsari a Pennsylvania.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne kaset ɗinta na motsa jiki na 1982. Matan Amurka miliyoyi suka saya, cikinsu har da matan waɗanda ba sa son jin sunanta, suna tsalle a falo, ba su san kuɗin na tafiya asusun ƙungiyar siyasar da ita da mijinta na biyu Tom Hayden suka kafa a Kalifoniya ba. Don ƙungiyar ma aka fara kasuwancin.

Ɗanjuma: Wato da guminsu suka biya 😂

Sadiq Kaduna: Wannan ne bambancinta da namu na gida. Namu ɗan siyasa ke ba su mota su yi masa waƙa. Ita ce ke zuba wa siyasar kuɗi.

Ustaz Nura: Sai ta rabu da ɗan gurguzu ta auri Ted Turner wanda ya kafa CNN, attajiri mai filaye kamar ƙasa guda, ta ajiye fim shekara goma sha biyar. Ina talakawan suka shiga a lokacin? Kuma tunda ana tone-tone, Malam Habu, faɗa musu 1982.

Malam Habu: Ustaz ya harba daidai wannan karon. A 1982, lokacin da Isra'ila ta mamaye Lebanon ta yi wa Beirut ƙawanya, ita da Hayden sun je sun ziyarci sojojin Isra'ila, suka nuna goyon baya. Hayden na neman kujerar majalisar jihar Kalifoniya a shekarar. Shi da kansa ya rubuta a 2006 cewa ya yi kuskure. Matar da ta tsallaka duniya saboda bama-baman Hanoi, na Beirut ba su hana ta barci ba a lokacin. Wannan a wurina ya fi hoton bindiga muni, don hoton na minti ɗaya ne, wannan kuwa da lissafi aka yi shi. Daga baya, a 2002, ta je ta tsaya tare da matan Isra'ila masu adawa da mamayar yankunan Falasɗinawa.

Zaman Turner kuwa, daga 1991 zuwa 2001, ba hannu ta naɗe ba. A 1995 ta kafa ƙungiyar rage cikin ƙuruciya tsakanin 'yan mata a jihar Jojiya, tana nan har yau. Ta ma zo Najeriya wajen 2000 ta yi wani fim na gaskiya kan rayuwar 'yan mata. Ta koma fim a 2005.

Ummi: Kuma a 2005 ɗin ne wani tsohon soja ya bi layi a Kansas City wurin da take sa hannu a littafinta, da ya iso gabanta ya tofa mata ruwan taba a fuska. Ta goge ta ci gaba da sa hannu, ta ce ba ta shigar da ƙara.

Baba Saje: Wannan bai yi tarbiyya ba. Ko me ta yi, mace ce, kuma ta kusa saba'in. Ba da yawuna ba.

Anti Ladi: Saje, ka ga ta ƙyale shi. Ta san abin da ke cinsa.

Baba Saje: Hajiya, na gani. Malam Habu, tambaya ɗaya. Haƙurin da ta bayar, ya haɗa da rediyon?

Malam Habu: Gaskiya Baba, a'a. Hoton ta ce kuskure ne da ba ta yafe wa kanta. Tafiyar da jawaban rediyo kuwa ta ce ba ta nadamarsu.

Baba Saje: To.

Ɗanjuma: Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne, a 2022 ta sanar tana da cutar kansa, ana yi mata ƙarin maganin nan mai karya jiki, amma ta ci gaba da tara kuɗi don kayar da 'yan takarar da kamfanonin mai ke ɗaukar nauyinsu. Kakata ba ta kai ta shekaru ba, ko ƙofar gida sai an riƙe ta.

Ustaz Nura: Kakarka ta yi surfe da daka da haihuwa goma. Ita wannan likitoci ke gyara mata fuska, da bakinta ta faɗa.

Anti Ladi: Ustaz yau ka sha shayi mai kauri 😂

Admin: Dare ya yi. Wanda ke da sauran magana ya ajiye sai gobe.

Baba Saje: Salamu alaikum, barkanmu da asuba. Jiya bayan kun watse na sa autana ya nemo mini fim ɗin sojan nan da Malam Habu ya ambata. Akwai inda aka nuna asibitin tsofaffin sojoji, mutumin yana kife kan gadon tayoyi yana tura kansa da sanduna biyu, yana ihu ba wanda ya zo ya juye masa ledar fitsari, har ya yi karo da Jane Fonda ledar ta fashe a ƙasa. Nan na ajiye wayar na fita tsakar gida. Muna da wani kofur, ɗan wajen Zuru, harsashi ya same shi a ƙugu. Na je duba shi bayan mun dawo. Warin ɗakin nan har yau yana hancina, kuma matarsa ce ke wanke shi, ba ma'aikaci ko ɗaya. Duk wanda ya sa aka yi wannan fim ɗin ya shiga irin ɗakin nan ya zauna, ba labari aka ba shi ba.

Hoton na bar mata, tunda ta roƙa. Rediyon ina nan kan bakana.

Malam Habu: Allah ya ba kofur lada, Baba. Sai dai in za ka ƙarasa, ka kori autan daga ɗakin, akwai wurin da ba na yara ba ne.

Ustaz Nura: Ai na faɗa muku.

Baba Saje: Ustaz ka huta, data ma ta ƙare tun kafin a kai can. Ɗanjuma, in ka shigo unguwarmu ranar Asabar ka taho mini da shi a filashi.